Allon taɓawa mai inci 75 a ajin ƙaramar sakandare: yadda ya sauya zaman ɗalibai da junansu

Makarantun kuɗi da yawa a Kano da Kaduna da Abuja sun shiga yayin rataya allon taɓawa a bangon aji, har ta kai da wuya a ga takardar tallar da ake raba wa iyaye gabanin sabuwar shekarar karatu ba tare da hotonsa ba. Wannan sharhi ya shafi irin wanda makarantar da nake koyar da kimiyya ta saya wa ajujuwan ƙaramar sakandare, wato babban gilashi mai inci 75 da ke aiki da Android, wanda ake rubutu a kansa da yatsa ko da alƙalamin roba marar tawada. Dillalai sukan cika mai saye da bayanin kyawun hoto da ƙarfin lasifika, amma abin da na fi zuba wa ido shi ne abin da na'urar ta yi wa zaman yara da junansu: wa ke samun damar magana, wa ke komawa baya ya ja bakinsa, wa ake yi wa dariya, wa kuma ake rububin ɗauka idan aka ce a raba rukuni. A wannan fanni ne allon ya fi yin tasiri, kuma a kansa ne babu wanda ya ce mana uffan kafin a ɗaura shi.

Ta fuskar aiki, na'urar ba ta da laifi mai yawa. Hotonta tangaran yake, kuma zanen zuciyar ɗan Adam ko na yadda ruwa ke tashi daga teku ya zama gajimare yana fitowa ɓaro-ɓaro yadda alli ko maka ba za su taɓa fitar da shi ba. Ba ta buƙatar majigi, saboda haka inuwar malami ba ta rufe rubutu, kuma babu kwan fitila mai tsada da zai ƙone kamar yadda ake fama da shi a tsofaffin allunan. Yadda take gane taɓawa shi ne, a jikin firam ɗinta akwai ƙananan fitilu masu fitar da hasken da ido ba ya gani, suna saƙa raga a saman gilashin, duk inda wani abu ya katse wannan haske sai ta ɗauka an taɓa wurin. Takardar da ta zo da ita ta ce tana gane taɓawa 20 a lokaci guda, amma a aikace yara uku ne ke iya rubutu tare cikin walwala, domin idan suka wuce haka kafaɗunsu ke hana juna motsi. Wannan tsari yana da aibi biyu da suka shafe mu kai tsaye. Idan hunturu ya kankama ƙura takan taru a ƙasan firam ɗin, sai allon ya riƙa yanke layi ko ya ga taɓawar da ba a yi ba, don haka dole a goge shi da ƙyalle mai laushi kowace safiya. Na biyu kuma, na'urar ba ta bambance yatsa da hannun riga ko gefen hijabi, duk abin da ya gogi gilashin rubutu ne a wurinta. Batun wuta kuwa sananne ne, makarantar da ba ta da sola da inbata ko janareta mai ƙarfi za ta wayi gari da baƙin gilashi a bango rabin mako, kuma ko mu da muke da su mun bar tsohon farin allo a gefe saboda ranar da batir ya yi sanyi.

Irin wannan allo ya daɗe a duniya. Kamfanin SMART Technologies na birnin Calgary a Kanada ya fitar da nasa na farko a 1991, kamfanin Promethean na garin Blackburn a Ingila ya biyo baya, sannan a farkon shekarun 2000 gwamnatin Birtaniya ta zuba kuɗi masu yawa wajen sanya shi a makarantu, ciki har da fam miliyan 10 da aka ware tsakanin 2003 da 2004 domin makarantun firamare a yankunan ƙananan hukumomi 21. Amfanin wannan tarihi a gare mu shi ne, sun riga mu kashe kuɗin, sun kuma zauna sun auna abin da ya biyo baya. Fay Smith da Frank Hardman da Steve Higgins na Jami'ar Newcastle sun bibiyi darussa 184 cikin shekara biyu, suka wallafa a 2006 cewa darasin da ake yi da allon ya fi sauri, kuma lokacin da yara ke yi suna aiki rukuni-rukuni ya ragu. A 2007 suka ƙara da cewa rinjayen da maza ke da shi wajen amsa tambaya a aji, wanda dama can akwai shi, ya ƙaru inda ake amfani da allon. A shekarar 2007 ɗin ce kuma Gemma Moss da abokan aikinta suka fitar da rahoto kan makarantun sakandare na Landan, inda ba su ga ƙarin sakamakon jarrabawa a shekarar farko ta amfani da allon ba, suka kuma lura cewa a ajujuwan ɗalibai masu rauni a karatu darasi yakan yi nawa saboda ana jiran yara su fito ɗaya bayan ɗaya su taɓa allo. Ajinmu ya sha bamban da na Ingila ta fuskar yawan ɗalibai da tarbiyya da yanayin zama, amma abin mamaki shi ne kusan duk abin da suka faɗa na gan shi a gabana.

Abu na farko da ya sauya shi ne alƙiblar aji. Da can, idan na cika allo da rubutu yara suka duƙufa kwafa, akwai wata 'yar hayaniya ƙasa-ƙasa da ke tashi daga benci zuwa benci, wannan yana tambayar na kusa da shi me aka rubuta a layi na uku, wancan yana neman aron biro, wata tana gaya wa ƙawarta cewa ta tsallake kalma. Mukan tsawata a kan wannan surutu, amma a cikinsa ne mai saurin fahimta ke jan mai jinkiri. Da aka kawo allon taɓawa sai ido arba'in da wani abu suka koma wuri guda, aji ya yi tsit, musamman idan bidiyo ake kallo. Baƙon da ya leƙo ta taga zai yaba da natsuwar, shugabar makaranta ma ta yaba, amma shirun kallo daban yake da shirun tunani, kuma malamin da ya daɗe a aji yana bambance su. Da yake shafi na gaba yana nan a shirye, taɓawa ɗaya kawai yake jira, malami yakan yi gudu ba tare da ya sani ba, na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, kuma na bayan ba shi da sauran lokacin da zai juya ya tambayi abokinsa.

Sai kuma sabon matsayi da allon ya ƙirƙiro a tsakanin yaran. A kowane aji akwai waɗanda suka tashi da waya ko ƙaramar kwamfutar hannu a gida, sun san inda ake taɓawa a buɗo shafi, sun san yadda ake ƙara girman hoto da yatsu biyu, har sukan fi malami sanin inda matsala take idan sauti ya ɗauke. Cikin ɗan lokaci waɗannan suka zama masu allo, su ke kunna shi da safe, su ke riƙe alƙalamin, su ake kira idan ya maƙale. A nan dole in yaba wa na'urar da abu guda, domin akwai yaron da ba ya taɓuka abin kirki a jarrabawa, wanda 'yan ajin ba su cika sa shi a lissafi ba, amma da aka gane shi ne ya fi kowa iya sarrafa allon sai ya samu ƙima, aka fara neman sa idan za a raba rukuni, shi ma ya fara buɗe baki a darasi. Sai dai abin da ya ɗaga shi ya danne wasu. 'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, irin waɗanda makaranta ke yi wa rangwamen kuɗi ko 'ya'yan ƙananan ma'aikatanta, sun ji tun ranar farko ana ta jan kunne cewa abin nan na miliyoyin naira ne, duk wanda ya fasa ubansa zai biya. Wannan gargaɗi bai dami ɗan mai hali ba, amma shi ɗan talaka ya ɗauke shi da gaske, sai ka ga an kira shi gaban allo yana taɓa gilashin a ɗarare da kan yatsa, layin ya ƙi fita, na baya suna cewa: "Danna sosai mana, ba ya cizo!" Bambancin gida da kayan makaranta iri ɗaya ke ɓoyewa sai ga shi allon ya fito da shi fili a gaban kowa.

Batun maza da mata ya fi ɗaukar hankalina, domin a ajinmu maza na zaune a gefe guda mata a ɗaya gefen, kuma abin da ke faruwa a bayyane yake. Da zarar na ce wa zai fito, gefen maza yakan ɓarke da "Malam, ni! Malam, ni!", wasu ma sun riga sun miƙe tsaye kafin in rufe baki, mata kuwa sukan ɗaga hannu su jira a nuna su. Allon ya zama kamar rijiya ɗaya a unguwa, mai ƙarfin kutse shi ke fara jefa guga. Idan malami bai yi da gangan ya raba damar ba, zai ƙare darasi maza biyar sun fito mace ɗaya ta fito, alhali a takarda matan ne suka fi cin maki. Akwai kuma abin da na ambata na gefen hijabi. Wata ɗaliba mai ƙoƙari ta fito za ta rubuta sunayen sassan fure, tana miƙa hannu sama sai hijabinta ya share gilashin, ya ja wani dogon jan layi a kan hoton, ya kuma janye shafin gefe guda. Aji ya kwashe da dariya, ta tsaya riƙe da alƙalami ba ta san abin da ta taɓa ba, kuma ta daɗe ba ta sake ɗaga hannu ba. Maganin abin ba shi da wuya, a nuna wa mata su dafe gefen hijabin da hannun hagu yayin rubutu, a kuma zaɓi yanayin da ke rage karɓar taɓawa da yawa idan mutum ɗaya ke aiki, amma babu wanda zai san da matsalar sai ya tsaya a aji irin namu. Tsayin da aka ɗaura allon ma abin dubawa ne, domin masu ɗaurawa sun auna shi da tsayin babba, gajerun yara ba sa kai wa rabinsa na sama, kuma yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da ke ɗage yana tsalle a gaban aji ya san abin da zai ji a lokacin tara.

Game da kuskure a bainar jama'a, allon yana da fuska biyu. Madannin mayar da abu baya alheri ne, domin yaro yana iya gwada amsa, ya ga ba ta yi ba, ya janye ta ba tare da ya bar tabo ba, kuma na ga masu jin kunya da suka yarda su ja hoto su ajiye a gurbinsa alhali ba za su taɓa yarda su rubuta jimla da hannunsu a gaban aji ba. Mai mummunan rubutu ma ya samu sauƙi. Amma wasannin kacici-kacici da ke zuwa a cikin manhajar allon, masu agogo da maki da ƙarar tafi ga wanda ya ci da wata ƙara ta ba'a ga wanda ya faɗi, sun fi jawo rigima fiye da amfani. Yara suna son su ƙwarai, aji yakan ɗauki zafi, sai dai idan aka raba su gida biyu wanda ya jawo wa gidansu faɗuwa yakan sha zagi har bakin ƙofar makaranta, kuma wasu sun koyi kwaikwayon ƙarar faɗuwar da baki suna yi wa duk wanda ya yi kuskure ko da a darasin da babu allo. Na kashe sautin, na kuma daina nuna jerin maki da sunaye, sai abin ya lafa.

Wani sauyi da ban ji ana maganarsa ba shi ne na aron littafi. Allon yana adana duk abin da aka rubuta, malami ya tura shi zauren WhatsApp na iyaye, wanda hakan taimako ne babba ga yaron da ya yi jinya ko aka yi tafiya da shi. Amma da can wanda bai zo ba dole ya je wurin wani ya ce: "Don Allah ara mini littafinka in kwafi aikin jiya." A nan ake yi masa bayanin abin da bai gane ba, a nan ake ƙulla bashin alheri da za a rama wata rana, kuma abota da yawa daga nan ta samo asali. Yanzu wannan buƙata ta ragu ga waɗanda iyayensu ke da babbar waya da data, ta rage kawai a kan waɗanda ba su da su, sai aron littafi ya tashi daga abin da kowa ke yi ya koma alamar rashi.

Duk da waɗannan, akwai hanyar amfani da allon da ke ƙarfafa zumuncin yara, kuma ita ce dalilin da ya sa ban ce a sauke shi ba. Neil Mercer da Paul Warwick da abokan aikinsu a Jami'ar Cambridge sun wallafa bincike a 2010 kan yaran firamare da ake barin su uku-uku a gaban allo suna warware aikin kimiyya da kansu, suka nuna cewa allon yana iya zama wurin tunani tare, matuƙar malami ya riga ya koya wa yaran ƙa'idojin tattaunawa, irin su a tambayi ra'ayin kowa, a kawo dalili, a cimma matsaya kafin a yanke hukunci. Na gwada wannan a darasin rarraba abubuwa zuwa masu rai da marasa rai. Na raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni yana aiki a takarda a bencinsa, rukuni ɗaya kuma yana gaban allo da hotunan iri da wuta da gajimare da ƙwai da busasshen icce, da sharaɗin cewa ba wanda zai ja hoto sai su ukun sun yarda, kuma mai riƙe da alƙalami ba shi ke yanke magana ba. Da suka zo kan wuta sai gardama ta kaure, ɗaya ya ce tana da rai tunda tana ci tana girma tana kuma mutuwa, ɗayar ta ce to ina 'ya'yanta, na ukun da ba ya cika magana ya ce ai tartsatsi ne 'ya'yanta. Sun ja hoton zuwa wannan gefe, sun mayar da shi wancan, kuma da yake babu abin da ke lalacewa idan an sauya ra'ayi, babu wanda ya ji an kayar da shi. Wannan ita ce magana mafi daɗi da na ji tsakanin ɗalibai a wannan zango, kuma allon yana da hannu a ciki, domin girman hoton ya sa su ukun suna kallon abu ɗaya suna nuna shi da yatsa, ba kamar takarda da ke gaban mutum ɗaya ba. Haka nan ɗaukar hoton aikin wani rukuni da waya a haska shi a allo domin sauran su duba yana sa yara su ji aikin nasu ne gaba ɗaya, musamman idan ba a faɗi wanda ya rubuta ba. Sai dai wannan tsari yana cin lokaci, rukuni biyu ko uku ne kawai ke samun zuwa allo a darasi guda, dole malami ya riƙe jerin waɗanda suka fito domin a zagaya kowa cikin mako.

A nan ne hidimar dillalin ta gaza. Sun ɗaura allon da kyau, sun zo a kan lokaci da aka kira su kan matsalar sauti, amma horon da suka ba malamai bai wuce nuna madannai ba: ga inda ake sauya launi, ga inda ake gogewa, ga inda ake shiga intanet. Wanda ya yi horon masanin na'ura ne da bai taɓa riƙe aji ba, saboda haka bai taɓo yadda za a raba dama tsakanin yara ba, balle yadda za a tsara benci. Sakamakon haka malamai da yawa suna amfani da shi a matsayin talabijin mai tsada, su haska rubutun da suka shirya su karanta, yara su kalla, wanda hakan ya fi tsohon allo raba yara da juna.

Ga makarantar da ke shawarar saye, ra'ayina shi ne na'urar ta cancanci kuɗinta ne kawai idan an cika wasu sharuɗɗa tun kafin a biya. A tabbatar da wutar da za ta riƙe ta, a ɗaura ta daidai tsayin yaran da za su yi amfani da ita ko a sayi ƙafa mai taya da ake ɗagawa a sauke, a nisanta ta da tagar da rana ke bugowa domin na gefe su gani, kuma a ware kuɗin horon da gogaggen malami zai bayar, wanda za a maimaita bayan an fara aiki da ita. Tun makon farko a bar kowane yaro ya taɓa ta ya yi wasa da ita har tsoro ya fita, a daina yi musu barazana da farashinta tunda gilashin mai tauri ne, yatsa ba ya fasa shi, kuma aikin kunnawa da riƙe alƙalami ya riƙa zagayawa kamar yadda sharar aji ke zagayawa. Makarantar da ajinta ya haura ɗalibai sittin, ko wadda har yanzu yara uku ke raba littafin karatu ɗaya, gara ta fara kashe kuɗin a kan benci da littattafai da ƙarin malami, domin tun da aka saki darajar naira a 2023 kuɗin allo guda ya isa ya yi wa aji ɗaya duk waɗannan ko mafi yawansu. Wadda kuma ta riga ta saya, ta sa wani malami ya zauna a bayan ajin abokin aikinsa da takarda, ya riƙa sa alama duk lokacin da yaro ya fito allo ko ya yi magana, maza daban mata daban, na gaba daban na baya daban, sannan a duba takardar tare a taron malamai.